Ra'ayinmu: Albashin Malami da Cinikin Biri a Sama

A makon ƙarshe na zangon karatun da ya wuce, muna tsakiyar haɗa makin jarrabawa, wata farar mota ta tsaya a gindin bedin makarantarmu. Matasa uku suka fito, tsaf da su, ɗauke da takardu masu sheƙi. A jikin kowace takarda akwai hoton gidaje jere reras, da kwalta baƙa wuluk, da fitilun kan titi, har da wata 'yar yarinya tana tuƙa keke a kan irin ciyawar da ba mu taɓa gani a ƙasar Jibiya ba ko da a tsakiyar Agusta. Suka ce sun zo ne su share wa malami hawaye: fuloti ƙafa 50 da 100, ko gida mai ɗaki biyu da falo, a biya kaɗan-kaɗan ta hanyar cirewa daga albashi. Abin da kawai suke buƙata shi ne sa hannu a fom, sannan in da hali, wasiƙa daga reshen ƙungiya mai nuna cewa ta san da zamansu.

Wasiƙar nan ce ta sa muka keɓe shafin farko na wannan fitowa ga batun. Har zuwa lokacin da muke rubutu shugabannin reshe ba su bayar da ita ba, kuma ra'ayin wannan mujalla shi ne kada su bayar sai an cika sharuɗɗan da za mu ambata a gaba. Ba mu ce waɗannan matasa macuta ba ne. Ba mu san su ba, kuma a cikin masu wannan sana'a akwai mutanen kirki da suka gina wa jama'a gidaje suka miƙa makulli a kan lokaci. Abin da muka sani shi ne, takarda mai ɗauke da hatimin ƙungiya takan sa malamin da bai taɓa yarda da baƙo ba ya saki jiki, domin ya ɗauka manyansa sun riga sun bincika.

Babu mai zargin malami don ya yi kwaɗayin gida. Wanda ya share shekara talatin yana tashi daga wannan gidan haya zuwa wancan, yana kai wa mai gida gaisuwa da ladabi duk lokacin da albashi ya makara, ba ya da burin da ya wuce ranar da zai ajiye alli ya shiga ɗakin da babu mai buga masa ƙofa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 komai ya tashi, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na shekarar bai wuce naira 70,000 ba. Wanda ya yi wannan lissafi ya san cewa tara kuɗi a ƙarƙashin katifa har su isa gini mafarki ne. Saboda haka idan aka ce masa ga hanyar biya a hankali, dole kunnensa ya motsa.

Su ma masu sayar da filaye ba banza ta kawo su yankinmu ba. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina ya biyo ta Jibiya, kuma tun daga lokacin duk wata gona da ke kusa da hanya ta soma kallon kanta a matsayin tasha. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka ɗage a Maris na 2024. Kowace rufewa takan karya 'yan kasuwa su sayar da kadara da araha, kowace buɗewa kuma takan zo da jita-jitar cewa fili zai yi tsada gobe. A gefe guda ga 'yan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka sun cika gari, kuɗin haya ya ɗaga. Inda tsoro da zumuɗi suka haɗu, nan kasuwar mai romon baka take ci.

Mai wannan rubutu ba da jin labari yake magana ba. Shekarun baya na shiga irin wannan tsari da wani kamfani a wani gari da ba shi da nisa da nan. Wata 24 cur ana cire mini kuɗi, ina adana rasit a cikin jakar da nake ajiye takardar kammala kwalejin ilimi. Ranar da na ɗauki mai ɗakina a babur domin in nuna mata inda za mu yi gini, muka tarar da gero ya yi kai a wurin, da wani dattijo yana zaune a inuwa. Na gaishe shi na ce, "Baba, ko ba nan ne filin kamfani kaza ba?" Ya dube ni ya ce, "Malam, kafin alƙalami kawai suka ba ni, shekara biyu ke nan ban sake ganinsu ba. Gonata tana hannuna." Bayan zirga-zirgar da ta cinye mini hutu biyu na karɓo wani ɓangare na kuɗin, a lokacin da ba za su iya sayen rabin abin da za su saya a da ba. Ban je kotu ba, domin takardar da na sa wa hannu ba tare da na karanta ba ta riga ta ɗaure ni.

A nan ne ya kamata mu tsaya, domin mafi yawan cutar da ake yi wa mai sayen gida ba da dare ake yin ta ba, a rubuce take cikin ƙananan haruffa. Za ka tarar da sharaɗin da ya ba kamfani ikon ƙara farashi duk lokacin da kayan gini suka tashi, ba tare da an faɗi iyakar ƙarin ko ma'auninsa ba. Za ka tarar da wanda ya ce idan mai saye ya yi fashin biya wata biyu ko uku ya rasa filin, kuma idan ya nemi kuɗinsa za a zaftare kaso mai tsoka da sunan kuɗin hidima, ragowar kuma sai an sami wani mai saye. To, wane malamin firamare ne zai iya rantsuwa cewa albashinsa ba zai taɓa makara ba? Amma ka juya takardar gaba da baya, ba za ka ga layi ɗaya da ya faɗi abin da kamfani zai biya idan shi ne ya saɓa ranar miƙa gida ba. Laifin mai saye yana da hukunci, na mai sayarwa kuwa sai haƙuri. Bayan an gama biya kuma sai wasu kuɗaɗe su ɓullo kamar tururuwa: kuɗin safiyo, kuɗin raba fili, kuɗin raya unguwa, kuɗin katanga, waɗanda babu wanda ya ambace su a gindin bedi.

Akwai kuma wadda ta fi waɗannan haɗari, ga shi ba ta cika bayyana ba sai bayan shekaru. Kamfani yakan riƙe takardar mallaka guda ɗaya tak ta dukan filin, ya ba kowane mai saye wasiƙar rabo kawai. Idan ya kai waccan babbar takarda banki ya ci bashi da ita ya kasa biya, bankin ba ruwansa da wasiƙar da ke hannunka. Da irin wannan wasiƙa ne kuma ake sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu ko uku, kowa na riƙe da lamba iri ɗaya, sai ranar haƙa harsashi a haɗu. Batun ingancin gini ba sai mun tsawaita ba. Maginan kirki kan ce buhun siminti bai kamata ya fitar da bulo mai inci 9 fiye da 30 ba, amma kowa ya san masu matsa buhu har ya haifi kusan ninki. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya hallaka fiye da mutum 40, ba talakawa aka gina wa shi ba. Idan masu hali ba su tsira ba, ina ga mai jiran ƙarshen wata?

Mene ne doka ta ce? Da farko, ya kamata kowane malami ya san cewa tun da aka kafa Dokar Amfani da Filaye a 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum yake saye ba ƙasar ba ce, haƙƙin zama ne a kanta, wanda takardar C of O kan bayar galibi na shekara 99. Dokar ta kuma ce ba a sayar da wannan haƙƙi ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, a filayen karkara masu haƙƙin gargajiya kuwa sai da ta ƙaramar hukuma. Kotun Ƙoli ta jaddada nauyin wannan sharaɗi a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Takardar cinikin da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu tana da amfaninta, kuma ba ma raina iyayen ƙasa, domin su suka san wane ne ya gaji wace gona. Sai dai ita kaɗai ba ta isa ba. Idan kuma gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, kamar hanyar jirgi, diyyar da dokar ta tanada ta gini ce da shuka, ba ta tsurar ƙasa ba. Wanda ya sayi filin awon igiya a bakin layin dogo yana jiran ya yi tsada, ya san da haka tun yanzu.

Na biyu, akwai dokar kare masu sayen kaya ta tarayya wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Ta hana yaudara a talla, ta wajabta a yi wa mai saye bayani da harshe mai sauƙin fahimta, ta haramta sharuɗɗan da suka karkata gefe guda ta yadda za su zama zalunci, ta kuma ba mai saye damar janye odarsa ba tare da an caje shi fiye da ƙima ba. Ana iya kai wa hukumar ƙara ta intanet. Wanda kuwa ya karɓi kuɗi a kan filin da ya san ba nasa ba ne, dokar damfara ta 2006 ta tanadar masa ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Waɗannan makamai ne na gaske, kuma da na san da su a wancan lokaci da ban sunkuyar da kai da wuri haka ba. Amma dukansu ihu ne bayan hari. Suna aiki ne bayan kuɗi sun tafi, bayan an kulle ofis, bayan lambar waya ta daina shiga.

Giɓin da ke akwai shi ne babu abin da ya tsare kuɗin mai saye tun daga ranar da ya fara biya. A wannan fage wasu ƙasashe sun yi mana nisa, kuma su ma sai da suka sha wuya suka farga. Indiya ta yi doka a 2016 wadda ta tilasta wa duk mai gina rukunin da ya wuce murabba'in mita 500 ko gida 8 ya yi rajistar aikin kafin ya yi ko da talla. Ba zai karɓi fiye da kashi 10 cikin 100 ba sai an ƙulla rubutacciyar yarjejeniya. Kashi 70 cikin 100 na kuɗin masu saye dole ya zauna a asusun banki na daban, ba a cirewa sai daidai gwargwadon yadda gini ya ci gaba, da shaidar injiniya da mai zane da akanta. Idan aibi ya bayyana cikin shekara 5, gyara yana wuyan magini. A Faransa doka ta ƙayyade biya mataki-mataki: kada ya wuce kashi 35 idan an gama harsashi, 70 idan an rufa, 95 idan an kammala. Inda aka yi sakaci kuma an ga sakamako. Kamfanin Evergrande na ƙasar Sin ya tara bashin da ya haura dala biliyan 300, ya bar ɗimbin iyalai da gidajen da suka biya ba a gama ba, har wata kotu a Hong Kong ta ba da umarnin rushe shi a watan Janairu na 2024. Girman kamfani ba jingina ba ne.

A gida Nijeriya, Majalisar Dattawa ta amince da wani ƙudurin daidaita harkar gidaje a 2021, amma bai kai ga zama doka ba. Jihar Legas ba ta jira ba. A 2022 gwamnanta ya sa hannu a dokar hukumar LASRERA, wadda ta wajabta wa dillalai da masu gina rukunin gidaje yin rajista, ta kuma buɗe ƙofar kai ƙorafi. Tunda sha'anin ƙasa yana hannun jihohi, babu abin da ya hana Majalisar Dokokin Jihar Katsina yin tata. Muna kira ga ɗan majalisarmu mai wakiltar Jibiya da ya ɗauki wannan batu, kuma muna ganin dokar ba ta buƙatar tsawo: rajistar masu sana'ar, asusu na daban ga kowane aiki, haramta tallar filin da ba a nuna takardarsa ba, da diyya ga mai saye idan an saɓa lokaci. Jiha ta riga ta kafa hukumar KATGIS domin tattara bayanan filaye a kwamfuta, ga kuma hukumar tsara birane. Abin da ya rage shi ne malamin da ke Farfaru ko Gurbin Ɓaure ya iya bincika asalin fili da kuɗi kaɗan, ba sai ya rufe aji ya kwana biyu a Katsina ba.

Kada kuma a ɗauka takardar gwamnati ma ta gama magana. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe gine-gine da dama da aka yi a filayen da gwamnatin da ta gabace ta ta bayar, ciki har da shagunan Filin Idi, bisa hujjar cewa wuraren na jama'a ne. Masu shagunan suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, ta yanke a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba hurumin wannan mujalla ba ne ta ce wace gwamnati ce da gaskiya. Darasin da ya shafe mu shi ne, da yawa daga waɗanda suka yi asara ba su suka karɓi filin daga hukuma ba, saye suka yi daga hannun waɗanda suka gina. Duk filin da aka yanko daga makaranta, ko maƙabarta, ko masallacin idi, ko burtali, komai kyan hatiminsa, rigimarsa tana nan kwance tana jiran canjin zamani.

Mu mutanen Jibiya muna da wata tambaya ta daban da babu lauyan da zai amsa mana ita: ina ruwa yake bi? Babu wanda ya manta da daren tsakiyar Yulin 2018, lokacin da ambaliya ta afka wa unguwanni irin su Ɗan Tudu da Unguwar Mai Kwari, ta ci rayuka fiye da 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje, har sai da aka tsinto wasu gawarwaki a cikin ƙasar Nijar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A cikinsu akwai ɗalibanmu da iyayensu. Fili da rani duk ɗaya ne, shi ya sa masu talla suka fi son kai mutane gani a watan Maris. Wanda zai saya ya koma wurin bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ya kuma tambayi tsofaffin manoman gefen, domin su ba su da la'ada a cinikin.

Wasu 'yan uwa sun ce mana yawan tambaya da neman takarda rashin yarda ne, kuma bai dace da mutumin da ya zo da sallama ba. Muna tunatar da su cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Malaman fiƙihu kuma sun daɗe da tattauna cinikin abin da ba a riga an ƙera ba, wanda suke kira istisna'i, kuma waɗanda suka halatta shi sun gindaya a fayyace siffarsa da girmansa da farashinsa yadda ba za a bar ƙofar jayayya ba. Mai gaskiya ba ya jin haushin a ce ya rubuta.

Ga abin da muke ba shugabannin reshe shawara, kuma muna fata babban taro ya mayar da shi ƙa'ida. Kada wasiƙa ko hatimi ya fita, kada kuma a amince da cire ko sisi daga albashin mamba, sai kamfani ya kawo takardar rajistarsa ta hukumar CAC, da asalin takardar mallakar filin, da taswirar da hukumar tsara birane ta amince da ita. Lauyan da reshe ya ɗauka, ba wanda kamfani ya kawo ba, shi zai je ofishin filaye ya tabbatar babu jingina ko shari'a a kan wurin. A fassara yarjejeniyar zuwa Hausa a karanta ta a bainar jama'a, matan aure su ma su ji, domin sau da yawa adashinsu da kuɗin awakinsu ne ke cike giɓin. Kuɗi su shiga asusun haɗin gwiwa da ba ya buɗuwa sai da sa hannun wakilan masu saye, a riƙa saki gwargwadon aiki. A rubuta ranar miƙawa, da abin da kamfani zai biya idan ya saɓa, da yadda za a mayar wa magada kuɗi ko a ba su gidan idan mamba ya rasu kafin ya gama biya. Wannan na ƙarshe kusan kullum mantawa ake yi da shi, marayu kuma su ke kwana a ciki.

Sharaɗi ɗaya ya rage, kuma mu ya shafa, ba baƙi ba. Duk jami'in reshe ko shugaban makaranta da aka yi wa alkawarin fuloti kyauta ko la'ada a kan kowane malamin da ya kawo, ya faɗa a gaban taro, ya kuma janye daga kwamitin da zai duba maganar. Ba mu zargi kowa ba. Amma bango ba ya tsagewa daga waje kawai.

Waɗanda ake cire musu kashi 2.5 cikin 100 na Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 a ƙarƙashin Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya, su duba takardar albashinsu su nemi lambarsu da bayanin abin da suka tara, domin haƙƙinsu ne, ana kuma mayar da shi bayan ritaya ga wanda bai ci rance ba. Waɗanda kuma suka riga suka sa hannu a fom ɗin matasan nan, ko a wani makamancinsa a baya, kada kunya ta sa su yi shiru. Su zo taron reshe na farkon zango da duk takardar da ke hannunsu, ko da rasit ɗaya ne. Sakatare zai buɗe rajista a ranar, kuma ni zan fara ajiye tawa tsohuwar jakar a kan tebur.